Sitoko, fentin soso da zayyana: yadda ake ƙawata bangon ɗaki ya daɗe bai ɓare ba

Yawancin masu nemana aiki yanzu da hoto suke zuwa. Hajiya za ta miƙo waya ta ce, "Malam, irin wannan nake so a falona." In na duba sai in ga bango yana sheƙi kamar an jera mabul, alhali ko ɓarɓashin dutse ba a liƙa masa ba. Shafe ne kawai da ake kira sitoko, kaurinsa duka bai kai na kwabo ba. Amsar da nake bayarwa kullum ɗaya ce: "Hajiya, zai yiwu, amma sai na fara ganin bangon."

Dalilin wannan amsa wani aiki ne da na yi shekarun baya a watan Agusta. Gini sabo ne, filastar siminti ba ta wuce kwana goma ba, ana gaggawa saboda za a kawo amarya. Na san bangon bai bushe ba, na biye wa gaggawar. Ranar da muka gama har maƙwabta sai da suka shigo kallo. Kafin sati shida ƙasan bangon ya yi ƙuraje, farin gishiri ya feso, shafen yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Na kankare shi tas na sake da kuɗin aljihuna, kuma har yau in na tuna fuskar maigidan raina ba ya mini daɗi. Shi ya sa babban ɓangare na jagorar nan a kan abin da ke ƙarƙashin adon take, wanda hoton waya ba ya nunawa.

Ka fara sanin abin da ke cikin bokitin

Abin da masu fenti ke kira sitoko iri biyu ne, sunan ne kawai ɗaya. Na asali farar ƙasa ce da garin mabul. Ana ƙona dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 900, a jiƙa shi da ruwa ya narke ya zama kamar kindirmo, a bar shi ya kwana watanni, sannan a gauraya da garin dutse mai laushi. In aka shafa a bango, sai ya riƙa zuƙar iskar kabon a hankali har ya koma dutsen da aka ƙona tun farko. Shi ya sa in ka dafa shi za ka ji sanyi irin na dutse. Sana'ar tsohuwa ce. A Pompeii ta Italiya, garin da aman wuta ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono ɗakunan da aka yi wa shafe mai kwaikwayon mabul. Mutanen Benis a Italiya ne suka fi shahara da shi daga baya, don gidajensu a kan turakun itace suke cikin ruwa, kuma shafe ya fi dutse rashin nauyi nesa ba kusa ba. Har yau marmorino suke ce masa.

Na biyu shi ne na akirilik, wato garin dutse da aka kwaɓa da gam irin na fentin ruwa. Shi na fi cin karo da shi a shagunan kayan gini, ko a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai. Ya fi sauƙin sarrafawa, yana kama bangon da aka taɓa yi wa fenti, kuma ga mai koyo shi nake ba da shawara. Aibinsa shi ne yana toshe bango kamar leda. In akwai laima a ciki ba ta da hanyar fita, sai ta tunkuɗo shi. Na farar ƙasa yana barin bango ya yi numfashi, kuma fumfuna ba ta son sa, amma yana cin hannu, in ya faɗa ido kuwa abin ba wasa ba ne. Safar hannu da tabarau dole ne.

Ka karanta jikin bokitin, ka buɗe ka sansana. Na akirilik warin fentin ruwa yake yi, na farar ƙasa kuma ƙamshin jiƙaƙƙen alli. Kada ka haɗa su a bango ɗaya.

POP kuma, wato Plaster of Paris, wani abu ne daban. Dutsen jifsam ne da aka gasa a wajen digiri 150, sunan kuma daga Faris ya samo shi, inda aka daɗe ana haƙar dutsen. Yana daskarewa cikin mintuna, yana karɓar sassaƙa, amma shi da ruwa ba sa ga maciji. Za mu dawo kansa wajen zayyana.

Binciken bango

Sabuwar filastar siminti tana buƙatar aƙalla kwana 28 kafin a ɗora mata komai. In da damina aka yi ta, ka ƙara. Kada ka yarda da ido, don fuskar bango kan yi fari fat cikinsa na jiƙe. Ka yanko leda mai kauri, faɗin kamu biyu kowane gefe, ka manna ta a bangon da salatef ta ko'ina ba tare da ka bar kafa ba. Ɗaya a ƙasa kusa da daɓe, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bangon da ke bayan banɗaki in akwai. Ka bar su su kwana. Da safe in ka ga raɓa a cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, to bangon bai shirya ba. Sai ka nemo inda ruwan ke fitowa: famfon da ke yoyo a cikin bango, indararon da ke zuba a jikin gini, ko laima mai hawowa daga tushe saboda ba a shimfiɗa leda ba lokacin gini. Babu sitokon da ke maganin wannan, komai tsadarsa. A gyara tushen matsalar, a jira bango ya bushe, a sake gwajin.

Bayan nan ka ɗauki makulli ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa. Inda filasta ta kama bulo za ka ji ƙara a dunƙule. Inda ta saki za ka ji kamar ganga. Ka zagaye wurin da fensir, a fasa, a sake filasta.

Tsaga kuma, an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a wannan aiki tsagar da ba ta kai silin gashi ba ma tana ɓullowa ta cikin sitoko bayan wata biyu ko uku. Ka faɗaɗa bakinta da kan sikirafa, ka share ƙurar, ka ɗan jiƙa, ka cike da fila, wato kwaɓin cike tsaga, ka ɗora ragar zare mai manne a kai, sannan ka shafe. Amma in tsagar ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, kuma tana ƙara buɗewa, wannan maganar tushe ce, injiniya za ka kira.

Tsohon bango kuma sai ka shafa tafin hannu. In ya fito fari kamar ka taɓa gari, fentin ya mutu, a kankare a wanke. In fentin mai ne mai santsi, sai an dusashe shi da samfefa kafin komai ya kama. Ka jiƙa samfefar tukuna, ka sa takunkumi, a fitar da yara daga gidan. Tsofaffin fentin mai da yawa akwai dalma a cikinsu, kuma wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake wancan daga haƙar zinare ne, ba zai so ƙurarta ta sauka inda jariri ke rarrafe ba.

Sai sikiridin, wato daidaita fuskar bango ta yi sumul. Shafe biyu na fotin bango, kowanne ya bushe, a bi da samfefa mai lamba 180 ko 220. Ga gwajin da ba na tsallakewa: da dare ka kashe fitila, ka kwantar da tocila a jikin bangon hasken ya bi fuskarsa. Duk wani tudu da kwari zai fito da inuwarsa. Abin da ka gani a wannan haske, shi baƙo zai gani bayan bangon ya yi sheƙi, don sheƙi tona asiri yake yi. Ka gyara, ka share ƙura da ɗanyen tsumma, ka shafa faraima, wato fentin share fage da ke sa shafe ya kama. Na akirilik faraimar ruwa ta ishe shi. Na farar ƙasa yana son faraima mai ɗan yashi-yashi wadda zai samu abin riƙewa.

Lokacin aiki

Umarnin da ke jikin yawancin bokitan nan don ƙasashe masu sanyi da danshi aka rubuta shi. A nan da hunturu iska kan bushe ƙayau, shafen da ya kamata ya ba ka minti goma sai ya ƙafe a kan cokali kafin ka kai shi bango. In dole ne ka yi aiki tsakanin Disamba da Fabrairu, ka rufe tagogi, ka kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka yayyafa ruwa a daɓe ko ka ajiye baho biyu cike da ruwa a ɗakin. Rufe tagar yana kuma hana ƙura sauka a ɗanyen shafe. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka fara bayan sallar Asuba ka tsaya kafin rana ta take. Damina tana ba hannu sarari, sai dai jiran da ke tsakanin shafe da shafe yakan ninka. Ni na fi son kaka, in bangon ya ci gwajin leda.

Kayan aiki da allon gwaji

Abin da ya fi komai shi ne cokalin shafe. Ka nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lanƙwasa, mai zagayayyun kusurwoyi. In mai kaifin kusurwa ka samu, ka goge kusurwoyin da zarto mai laushi, ka bi bakinsa da samfefa 400 har ya zama in ka shafa yatsa ba ka jin ko ƙwarzane ɗaya. Cokalin birkila na baƙin ƙarfe yana barin zanen tsatsa. Sai ƙaramar sikirafa ta ɗiban shafe, bokitin ruwa, tsummoki masu tsabta, salatef na takarda, leda ta rufe tayil, da tsani mai ƙarfi.

Lissafin kaya ba wuya. Bango mai tsawon mita 4 da tsayin mita 3 murabba'in mita 12 ke nan. Sitoko mai laushi yakan ci wajen kilo ɗaya a kowane murabba'in mita in an haɗa shafe ukun, amma ka duba abin da kamfanin ya rubuta, ka ƙara kashi 10 cikin 100. In za a zuba kala, a haɗa ta gaba ɗaya a rana ɗaya. Wanda ya ce zai haɗa rabi yau rabi gobe, bango mai launi biyu zai samu. Ga na farar ƙasa, garin kala na ƙasa ake sawa, irin jan da ake zuba wa simintin daɓe da rawaya da baƙi, kuma kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin shafen.

Kafin ka taɓa bango, ka samu falankin filawud kamar rabin mita, ka yi masa faraima, ka yi duk matakan da ke tafe a kansa. Farar ƙasa tana haske sosai in ta bushe. Abin da ka gani ruwan makuba a bokiti zai iya komawa ruwan hoda a bango. Ka jingina allon a ɗakin, uwargida ta gan shi da hantsi, ta gan shi da dare a hasken ƙwai, kusa da labule da kujerun. Gani ya kori ji, kuma gardamar da za a yi bayan an gama bango gara a yi ta a kan allo.

Shawarata a nan ita ce bango ɗaya. Falonmu dama cike yake da kujeru masu ado, labule mai nauyi, kafet da silin POP. In aka yi wa bango huɗu sheƙi, ido ba ya samun inda zai huta.

Shafe uku na sitoko

Shafen farko shimfiɗa ce. Ka ɗebo kamar cikin cokalin miya biyu da sikirafa ka ɗora a bakin cokalin shafe. Ka fara daga kusurwar sama. Ka kwantar da cokalin ya ɗan ɗaga kaɗan daga bango, kamar digiri 20 zuwa 30, ka ja dogon ja. Siriri ake so, ƙasa da milimita ɗaya, amma ya rufe ko'ina. In faraima tana ɗan leƙowa kada ka damu. Duk bayan ja huɗu ko biyar ka goge bakin cokalin da ɗanyen tsumma, don busasshen ɓarɓashi guda ɗaya ya isa ya ja maka layi daga sama har ƙasa. Abin da ya bushe a cokali kada ya koma bokiti. Ka bar shi ya kwana. Da safe ka bi da bakin cokali ka karkare duk inda ya yi tudu, ka share ƙura.

Shafe na biyu shi ne mai fitar da zane, kuma a nan hannun kowa ke bambanta. Gajerun ja za ka yi, kamar tsawon tafin hannu zuwa kamu ɗaya, wani daga dama, wani daga hagu, wani a lanƙwashe kamar lauje, kowanne yana hawa gefen ɗan'uwansa. Ka shafa ka kwashe, ka shafa ka kwashe. Inda ja biyu suka haɗu wurin zai fi duhu, inda ya yi siriri zai fi haske, wannan bambancin shi ne gajimaren da ake gani a cikin mabul. Kuskuren masu koyo shi ne hannu ya saba da hanya ɗaya, sai bangon ya fito kamar ɓawon kifi a jere. Duk bayan ɗan lokaci ka sauko daga tsani, ka ja baya taku huɗu ka duba. Kuma mutum ɗaya ya yi bango ɗaya daga farko har ƙarshe. In yaronka ya kama daga hagu kai ka kama daga dama, inda kuka haɗu zai nuna har abada. Kada ka tsaya a tsakiyar bango don cin abinci ko amsa waya. Ka kai kusurwa tukuna.

Shafe na uku kusan ba shafe ba ne, cike ramuka ne. Ka ɗebo kaɗan, ka ɗaga cokalin sosai ya kusa tsayawa, ka danna ka ja har ka ga kamar duk abin da ka sa ka kwashe. Ka yi wurin da bai wuce faɗin sallaya ba, sannan ka dakata ka zuba masa ido. Zai tashi daga jiƙaƙƙe mai ƙyalli ya koma dusashe. Ka taɓa da bayan yatsa. In ya yi sanyi amma bai manne maka ba, lokacin guga ya yi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: in ka yi sauri shafen zai biyo cokali, in ka makara ba zai yi sheƙi ba ko ka kwana kana gurza.

Ka goge cokalin ya bushe tas, ka kwantar da shi kusan ya manne da bango, ka sa hannu biyu ka danna, ka riƙa ja da sauri ta fuskoki daban-daban. Kunnenka zai gaya maka. Da farko za ka ji ƙarar gurza, sai ta koma wani siririn sauti kamar ana wasa wuƙa, cokalin ya fara sulɓi da kansa. A nan za ka ga hasken taga ya bayyana a bangon. Ka wuce gaba. Yawan nanata wuri ɗaya yana ƙona shi, ya bar baƙin tabo, musamman a fari da ruwan madara.

Na akirilik yana da rangwame a nan. Ko ya bushe za ka iya bin sa da samfefa 400, sannan 600, ka share, ka goge da cokali.

Bayan kwana uku zuwa mako guda sai kaki. Ka lakato kaɗan da tsumma mai laushi ko cokali, ka shafa siriri, ka jira ya dusashe, ka murza da busasshen tsumma. Kaki yana ƙara wa launi duhu kuma yana kare bango daga hannun yara. Amma ka sani, ranar da ka gaji da sitokon kana son fenti, sai an cire kakin nan kaf kafin fenti ya kama.

Mutanen Marrakesh a Maroko suna da nasu salon da suke kira tadelakt. Farar ƙasa suke shafawa da kauri, su murje ta da santsin dutse, sannan su bi ta da baƙin sabulun man zaitun. Sabulun yana haɗuwa da farar ƙasar ya zama wani abu da ruwa ba ya ratsawa, shi ya sa suke yin sa a gidajen wanka. Sunan daga kalmar Larabci ta murzawa ya fito, tushe ɗaya da dilkar da ake yi wa amare. Yana da kyau ƙwarai, amma ban yarda mai koyo ya fara da banɗaki ba. Ƙaramar tsaga ɗaya ta isa ruwa ya shiga bayansa.

In kuɗin sitoko bai samu ba: soso da tsumma

An ce araha ba ta ado, amma a nan tana yi in hannu ya iya. Fenti kala biyu ko uku masu kusanci da juna kake buƙata, misali ruwan madara da ruwan zuma, ko toka mai haske da mai duhu. Ka yi shimfiɗa biyu da fentin ruwa mai ɗan santsi, wanda ake ce wa satin, don marar santsi yana shanye kala nan take ba ya barin ka gyara. Ya kwana.

Kala ta biyu ana sirka ta da gilez, wani farin ruwa mai kauri da ke bushewa garau kuma yana jinkirta bushewar fenti. Gwangwani huɗu na gilez, ɗaya na fenti. In babu gilez a garinku, ka sirka da ruwa rabi da rabi, amma ka tsaya a aikin soso kawai.

Turawa soson teku suke amfani da shi. Sosonmu na wanka mai yaɗo a jikin danga yana yi, zanensa ma ya fi fitowa. Ka jiƙa shi ya yi laushi, ka tsaga shi, ka zubar da 'ya'yan. Soson katifa ma yana yi in ka yayyage fuskarsa da farce ta daina zama a miƙe. Ka tsoma, ka daddanna a kwali har ya rage kaɗan, sannan ka riƙa dangwalawa a bango a hankali, kana juya wuyan hannu kowane dangwale. Kada ka goga. Kusurwa kuma ka yago ɗan guntu ka bi ta, in ba haka ba za a ga farin layi ya zagaye bangon. Inda ya yi yawa, ka bari ya bushe ka dangwala kalar shimfiɗa a kai.

Aikin tsumma na mutum biyu ne. Ɗaya yana shafa gilez da rola daga sama zuwa ƙasa, faɗin da bai kai mita ba. Na biyu yana biye da shi da tsohuwar atamfa ko shadda da ta sha wanki, a cukuikuye, yana dannawa yana ɗagawa. Mai tsumma ya bar ɗan gefe ɗanye kamar faɗin tafin hannu don layi na gaba ya haɗe da shi. Ka tanadi tsummoki da yawa, in ɗaya ya ƙoshi ka canza. In gilez na mai ne, kada a tara tsummokin a dunƙule a lungu, suna iya ɗaukar zafi su kama wuta da kansu. A jiƙa su da ruwa a shanya a waje.

Mai son jijiyoyin mabul ya nemi gashin fiffiken agwagwa ko talotalo. Ka tsoma bakinsa a kala mai duhu, ka ja a karkace kana ɗan karkaɗa hannu, layin ya yi kauri nan ya sirance can, ya rabu biyu, ya ɓace. Tun yana ɗanye ka bi shi da busasshen buroshi mai laushi sama-sama. Ka samu guntun mabul na gaske ka ajiye a gabanka kana kallo, kuma ka yi kaɗan. In an gama a rufe da banish na ruwa, don na mai yana komawa rawaya.

Zayyana

Abin da ke damuna shi ne yadda muke biyan kuɗi mai yawa a kwaikwayo mana bangon Italiya, namu kuma yana rushewa ba mai waiwaya. Wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ya ga yadda aka yi wa ginshiƙai da bakan gizon rufi ado da ƙasa zalla, ya san ba yau muka fara ba. Haka Gidan Makama a Kano, haka tsofaffin gidajen Birni a Damagaram. Maginanmu suna da makuba daga ɓawon ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, wanda ke hana ruwa shiga soro. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce har keke da mota da agogo aka riƙa zanawa a fuskar zaurukan Zariya, kusa da dagi da takobi.

Ana iya ɗaga irin wannan zane a bangon siminti da POP. Ka zana dagin, ko wani zane daga aikin wuyan babbar riga, a kan takardar buhun siminti daidai girman da kake so. Ka bi layukan da ƙusa kana hudawa. Ka manna takardar a bango, ka ƙulla garin gawayi a tsumma ka riƙa bugawa a kan hudojin. In ka cire za ka ga zanen ɗigo-ɗigo, sai ka haɗa da fensir. A dagi ka lura da inda zare ke hawa da inda yake shiga ƙarƙashi, bi da bi suke yi, ka sa alama tun yanzu.

Ka ƙwarzane cikin layukan da ƙusa har ka taɓa filasta, ka shafa farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa. Ruwa ake fara zubawa a roba, sannan a barbaɗa garin POP a kai har ya daina nitsewa, a jira minti ɗaya, a juya. Ka kwaɓa abin da za ka iya gamawa cikin minti goma kawai. In ya fara tauri zubar da shi za ka yi, ƙara masa ruwa kashe shi ne. Ka ɗora a hawa biyu har tudun ya kai milimita 6 zuwa 10, kana daidaita bayansa da bayan cokalin shayi da jiƙaƙƙen yatsa. Lokacin da ya yi taurin awara, wuƙa tana yanka shi sumul, a nan za ka gyara gefuna ka zurfafa mahaɗar zaren. Ragowar kada a zuba a kwata, yana toshe ta. A ba shi mako guda ya bushe, a yi faraima, sannan fenti. Ni na fi son a bar shi launi ɗaya da bangon, a sa ƙaramar fitila daga gefe, inuwa ta fitar da zanen.

In bangon na ƙasa ne, ka ajiye POP da siminti da akirilik gaba ɗaya. Siminti a kan ginin ƙasa yana tare ruwa a tsakani, wata rana ya faɗo falle guda ya tafi da fuskar ginin. Wannan aikin maginin gargajiya ne, da birjinsa da makubarsa, kuma har yanzu akwai su a Kano da Zariya da Katsina da Damagaram in an tambaya.

Bayan an gama

Ƙurar hunturu busasshen tsumma mai laushi ya ishe ta. Tabo kuma ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi. Kada a kusanto da ruwan tsami ko lemun tsami ko maganin wanke tayil kusa da sitokon farar ƙasa, cinye shi suke yi nan take. A matsar da kujera kamu ɗaya daga bango.

Ka ɗura ragowar sitokon ko fentin da aka haɗa a kwalba mai murfi, ka rubuta sunan ɗakin da ranar da adadin kalar da aka zuba. In na farar ƙasa ne ka zuba ɗan ruwa a samansa kafin ka rufe, zai daɗe bai bushe ba. Ranar da aka ƙwarzane bangon wajen shigo da kabad, sai ka goge kakin wurin da samfefa 600, ka cike da kan sikirafa, ka bari ya bushe, ka ƙara siririn shafe da ya ɗan zarce gefen tabon, ka goge da cokali, bayan kwana uku ka mayar da kaki.